Me za mu kira "control" na gwajin jini da Hausa?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 8 zan naɗi shirin ranar masu ba da gudummawar jini ta 14 ga Yuni. Likitan da na yi hira da shi sai maimaita "quality control" yake a kan gwajin PCR (wanda ke gano ƙwayar cutar kanta a jini) na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Don Allah a taimaka.

Ɗan Zazzau: Sarrafa inganci.

Malam: A'a, ɗana. Gyaɗa ake sarrafawa ta zama ƙuli. Tabbatar da inganci.

Anti ta lab: Wannan ya yi wa aikin gaba ɗaya, Malam, amma "control" ɗin abu ne da muke ɗauka da hannu. A faranti mai rami 96, rami guda muna zuba samfurin da muka san akwai ƙwayar cutar a ciki, wani kuma wanda muka san babu komai. In mai cutar ya fito babu, na'ura ko sinadari ya gaza. In wanda babu komai ya nuna cuta, gurɓata ta shiga. Ko wanne ya faru, sakamakon farantin nan ba ya fita, sai an sake.

Ɗan Zazzau: Ashe zakaran gwajin dafi ne! Shi ke nan, an samu.

Anti ta lab: Zakaran ba a san makomarsa ba sai an gwada. Namu mun san amsarsa tun kafin a fara. Kuma ka ambaci dafi kusa da jini a rediyo, wa zai zo ya bayar?

Ɗan Zazzau: Ni dai ina nan kan zakara. Kakanninmu sun san gwaji kafin Bature.

Ɗan Damagaram: Nan kwantarol muke cewa, kowa ya gane.

Malam: Haka muka yi ta ara har yaranmu ba su iya jimla guda ba gauraye. Harshen da ake karanta labaran duniya da shi a BBC tun 1957 ba zai gaza kalma ɗaya ba.

Ɗan Damagaram: Kalmar "asibiti" fa, Malam, daga ina ta zo?

Mai shirin lafiya: Jama'a, dare na yi.

Anti ta lab: Ƙanwata, ki ce samfurin shaida: shaida mai cuta da shaida marar cuta. Su ke ba da shaida cewa gwajin ya yi daidai.

Malam: Shaida ta kotu ce, amma ta fi zakara. A sa ta zuwa lokacin da za a samu wadda ta fi.

Mai shirin lafiya: Na ɗauka. Na ukun da likita ya ce ana zubawa cikin samfurin jinin kowane mutum fa?

Anti ta lab: Shaidar ciki. Ita ke nuna babu abin da ya hana gwajin aiki a wannan jinin.