Wane suna za mu raɗa wa DOI?

Salamu alaikum ƴan uwa masu harkar rubutun ilimi. Kalma guda nake nema, ku taya ni.

Makon jiya wata ɗaliba da nake duba wa kundi a nan Maradi ta kawo mini jerin manazartanta, kowace maƙala ta liƙa mata adireshin da ta kwafo daga saman shafin intanet. Muka gwada buɗewa, uku suka ƙi. Mujallun sun sauya gida, tsohon adireshin ya zama kango. Na ce ta sa DOI. Ta ce, "Malam, mene ne shi da Hausa?" Na rasa amsa. Mu nan "de-o-i" muke cewa, ƴan uwanmu na Katsina su ce "di-o-ai", duk haruffa ne kawai muke furtawa.

DOI (Digital Object Identifier) lamba ce da ake bai wa maƙala idan an wallafa ta. Kullum da 10 da ɗigo take farawa, sai lambar mawallafi, sai karkataccen layi (/), sai abin da mawallafin ya zaɓa wa wannan rubutu shi kaɗai. In ka sa doi.org a farkonta ka latsa, za ta kai ka inda maƙalar take yau, domin duk lokacin da mujalla ta ƙaura, wajibi ne mawallafi ya sabunta rajistarsa. Crossref, ƙungiyar da ke yi wa mawallafa rajistar waɗannan lambobi, na wannan aiki tun shekarar 2000, kuma a 2012 tsarin ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 26324.

Bayan na yi wannan tambaya, kun kawo shawarwarin sunaye. Na gode da amsoshinku, ga inda na tsaya.

"Adireshin dindindin" shi ya fi samun magoya baya, amma ban karɓe shi ba. Adireshi shi ne abin da ke sauyawa, wannan kuwa suna ne da ke bin maƙala duk inda ta koma. In muka ce adireshi, ɗalibi zai ci gaba da kwafo na saman shafi yana zaton ya yi daidai.

"Hatimi" ya yi daɗin faɗi, sai dai yana ba ni tsoro. Bahaushe in ya ji hatimi, ya ji an amince da abu ke nan. Alhali akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa, ba sa tantance komai, kuma suna da DOI. Lambar ba ta shaidar inganci ko kaɗan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na wani dattijon malaminmu ne daga Tibiri. Ya ce, "Ɗana, ai tsaga ce. Bagobiri ko Makka ya je, fuskarsa za ta faɗi gidansu." Allah ya ƙara girma, Baba, kwana biyu ina juya maganar nan. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne tsaga ta dangi ce, mutum ɗari na iya ɗaukar iri guda, DOI kuwa maƙala ɗaya tak take nunawa. Amma misalin ya zauna daram a kan rabin farko: abin da ke zuwa kafin karkataccen layin shi ne tsagar gidan mawallafi, na bayansa sunan yanka. Da haka zan riƙa koyar da shi.

Saboda haka na zaɓi "lambar dindindin". Idan an haɗa ta da doi.org ta zama abin latsawa, sai mu ce "mahaɗin dindindin".

Ɗalibar ta zuba manazartanta a shafin binciken Crossref, kyauta ne, ta samo lambobin mafi yawansu. Tsofaffin maƙalun da ba su da ita na ce ta bar su haka, kada ta ƙirƙira musu. Saura karkataccen layin nan, wa ke da gajeren suna gare shi?