Shawarwarin masu kiwon agwagi a gida

Da masu kiwon agwagi suka tattauna, ruwa ne ya fi cin lokacinsu. Bakinsu ya zo ɗaya cewa ba sai an haƙa kududdufi ba. Baho ko tsohuwar roba ta wadatar, muddin agwagwa za ta iya tsoma kanta ta wanke hanci da idanu. Sai dai a riƙa sauya ruwan kullum, don nan da nan take dagula shi. 'Yan tsaki kuwa, a ba su ruwa marar zurfi, a kuma tsare su daga shirwa.

Abinci ba wuya: dusa, gero, dawa, ragowar tuwo, ganye. Amma hatsin da ya yi fumfuna yana kashe su fiye da yadda yake kashe kaji.

Toro ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Agwagwarmu ta gida tana kwanci kwana 35, ba 21 irin na kaza ba, don haka kada a yi gaggawar zubar da ƙwai.

Inda aka yi saɓani shi ne haɗa agwagi da kaji. Ni ina tare da masu cewa a raba, tunda agwagwa kan ɗauki murar tsuntsaye ba ta nuna alama ba. Saboda kashin da take yi kuma, gara wanda ke zaune a gidan haya ya yi shawara da maƙwabta kafin ya fara kiwo.