Kififiya a tankin gilashi: ina wanke filta duk mako amma naitret ya ƙi sauka

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan kififiyata, irin kunkurun ruwan nan na rafukanmu, tsawon ƙoƙon bayanta kamar santimita 14. Tana cikin tanki mai lita 120, da filta ƙarama ta cikin ruwa mai soso ɗaya da gawayi. Duk ranar Asabar nakan cire soson in wanke shi fes a bakin famfo, in kuma ƙara ruwa idan ya ragu. Na gwada ruwan: amoniya 0.5, naitrayit 0.25, naitret ya haura 80, duk a ma'aunin miligram a lita. Ruwan kuma da ɗan wari. Ina kuskuren yake?

Malam Kongo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, filta ba ta cire naitret, ita ce ma ke samar da shi. Kashin kififiya da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune jikin soso su mayar da ita naitrayit, wasu kuma su mayar da naitrayit ɗin naitret. Nan aikinsu ya tsaya. Naitret zai yi ta taruwa har sai ka ɗebe ruwan da hannunka. Ƙarin ruwan da kake yi bai rage komai ba, don ruwa ne kawai ke bin iska, naitret yana nan daram. A hunturun Zariya ma abin ya fi muni, tanki kan ragu da yatsa biyu cikin 'yan kwanaki.

Amoniya da naitrayit da ka gani kuwa wankin nan na Asabar ne ya jawo su. Duk mako kana korar bakteriyar da ya kamata su cinye su, in ruwan famfon na da kulorin ma kashe su kake yi. Ga yadda ake yi: ka ɗebi rabin bokiti daga ruwan tankin, ka tsoma soson ka matsa sau uku ko huɗu, ka mayar. Ruwan bokitin zai yi kalar shayi, soson kuma zai ci gaba da zama ruwan ƙasa-ƙasa, haka ake so. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ba shanyawa a rana. Kuma ba sai duk mako ba, sai ka ga ƙarfin ruwan da ke fitowa ya ragu, galibi mako biyu zuwa huɗu.

Abin da ake nema: amoniya 0, naitrayit 0, naitret ƙasa da miligram 40 a lita. Daga 80, canza rabin ruwan yau, wato lita 60, ka sake rabi bayan kwana biyu. Daga nan jarka ɗaya da rabi mai lita 25 duk mako, ka riƙa zuƙo ta da tiyo daga ƙasan tanki inda kashin ke kwanciya.

Hajiyar Hanwa:
Malam ya yi bayani, amma kafin ka canza ɗigo ɗaya, gwada ruwan da za ka zuba. Mutane kan manta da wannan. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa takin zamani tana iya ɗauke da naitret nata, musamman da damina. Idan ruwan tankinka 80 ne, na rijiya 10, canjin rabi zai kai ka 45. Idan na rijiyar 50 ne, 65 za ka samu, ka yi ta wahalar ɗaukar jarka a banza. In ya kai 50 ɗin ma ya zama maganar gidan gaba ɗaya, don nan ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Sai ka nemi wata borehol, ko ka gauraya da ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan kwanon rufi ya wanku. Ruwan famfo kuwa a sa masa maganin kulorin. Irin wanda ake kira Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200.

In kwalaben gwajin ruwa na kamfanin API kake amfani da su, kwalba ta biyu ta naitret sai an girgiza ta sosai daƙiƙa 30, a girgiza bututun gwajin minti ɗaya bayan an ɗiga ta a ciki, a jira minti biyar. In ba haka ba sakamakon kan fito ƙasa da gaskiya.

Abinci kuma: ka riƙa ba kififiyar a roba daban da ruwan tankin a ciki, ka bar ta minti 20 zuwa 30, sau da yawa nan za ta yi kashi. Kififiya ba ta iya cin abinci a tsanake ba, yagawa take da farce, rabi ya watse. Mai girman taka ba sai kullum ba, bayan kwana biyu ya isa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, kada kuma robar ta shiga kicin, saboda kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela.

Injiniya Tudun Wada:
Filtarka ta yi kaɗan. Ga kunkurun ruwa ana sayen wadda aka rubuta za ta ɗauki ninki biyu zuwa uku na tankin, don haka nemi ta lita 250 zuwa 350, ta waje mai kama da gwangwani ta fi. Jerin cikinta: soso mai manyan ramuka inda ruwa ke fara shiga, sai mai ƙananan ramuka ko audugar tacewa, sannan zoben seramik da bakteriya ke zama a jikinsa. Audugar a jefar da ita idan ta toshe. Zoben kan yi shekaru, a ɗauraye shi kawai a ruwan tanki, in za a canza a canza kashi ɗaya cikin uku, a jira wata guda. Gawayin nan yana rage wari da kala na mako uku ko huɗu, ba ruwansa da naitret. Ni da zan cika gurbinsa da zobe. Idan sabuwar filtar ta zo, cusa tsohon soson a cikinta, in ba haka ba za ka jira mako huɗu zuwa shida kafin bakteriya su zauna.

Sai maganar wuta. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke rayuwa, kuma filta rufaffiya in ta tsaya awowi iskar cikinta kan ƙare. Idan ɗaukewar ta wuce awa huɗu ko biyar, buɗe ta ka zuba zoben da soson a faffaɗar roba da ruwan tanki kaɗan, ko ka sa ƙaramin famfon iska mai batir. Kada ka bari wuta ta dawo ta tura tsayayyen ruwan cikinta zuwa tanki. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da shi tukuna.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An ce tsirrai na shan naitret, kainuwa za ta yi?

Hajiyar Hanwa:
Za ta yi, tana sha sosai in ta samu haske, sai dai kififiya kan yayyage ta. Ka rene ta a baho daban a waje, ko ka killace mata kusurwa da raga. Wadda aka ɗebo daga kududdufi ta yi mako biyu a baho kana canza mata ruwa, saboda matsattsaku da dodon koɗi da ke maƙale a saiwa. Ganyen da ya yi rawaya ka tsince shi, in ya ruɓe abin da ya sha zai koma ruwa. Canjin ruwa na mako dai yana nan, sai dai gwaji ya nuna maka ko za ka iya rage shi zuwa jarka ɗaya.