Injin yankan ciyawa mai igiya: in sa masa waya ko kar in sa?

Ɗan Hanwa:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Farkon daminar nan na sayi injin yankan ciyawa a Sabon Gari, irin na ratayawa a kafaɗa ɗin nan mai igiyar roba a baki, saboda ciyawar bayan gidanmu ta fi ƙarfin lauje, Baba kuma kullum maganarsa macizai. To matsalar igiyar ba ta minti biyar sai ta tsinke musamman in na zo jikin katanga, ga shi jiya ya wurgo tsakuwa ta fasa gilashin tagar Umma, Allah ne ya kiyaye don ƙanwata na wajen tana shanya. Wani abokina ya ce in sa wayar birkin mashin wai ita ba ta tsinkewa, in kuma kwance robar nan da ta rufe kan. Sannan yana hayaƙi sosai, baƙin man mashin nake zuba masa da ido. Ya kuke gani?

Bakaniken Kwangila:
Ƙanina don girman Allah kar ka sa waya. Kan injin nan juyawa yake sau dubbai a minti ɗaya, roba in ta guntule ba ta da nauyi, amma waya in ta karye tafiya take kamar harsashi, ni da idona na ga yaron da guntun waya ya shige masa ƙwauri sai a asibiti aka ciro. Robar da yake cewa ka kwance kuma ita ke tare maka tsakuwa, a jikinta ma akwai 'yar wuƙa da ke datse igiya in ta yi tsawo, in babu ita injin wahala zai riƙa sha.

Maganar mai kuwa nan ne kake kashe injinka. Ba baƙin man mashin ake sa masa ba, man 2T, wato man da aka yi wa irin wannan injin, ake haɗawa da fetur, kuma ba da ido ba. Duba takardarsa, in 50:1 ne to mililita 20 na 2T a lita ɗaya ta fetur, in 25:1 ne kamar yawancin na Chana mililita 40. Sayi sirinji a kemis ka riƙa aunawa, ka haɗa a jarka ka girgiza sosai kafin ka zuba, kuma kar ka zuba injin na da zafi. Ciro fulogin ka gani, na tabbata ya yi baƙi ƙirin.

Maman Biyu, GRA:
Sannu ɗana, Allah ya ƙara kiyayewa. Takardar injinmu ta ce mutane su ba da tazarar mita 15, ni in mai aikinmu zai tayar sai na tura yara cikin gida na rufe ƙofa. Kuma kafin ya fara sai ya zagaya ya tsince duwatsu da kwalabe. Ka nemi tabarau na aiki da takalmi rufaffe da dogon wando, wallahi raina ɓaci yake in na ga samari suna aikin nan da silifas. Ka kula da gindin bishiya ma, haka aka saɓule min bawon 'yar gwaibata zagaye har ta bushe.

Baba Mai Lambu, Samaru:
Yaro tsinkewar nan daga hannunka ne. Bakin igiyar ne ke yanka, kai kuma kana cusa kan gaba ɗaya jikin bulo. Ka tsaya nesa kaɗan, abin da ya rage jikin katanga ka sa lauje. Igiyar ma in ta daɗe a shago ta sha hunturu bushewa take, jiƙa ta a ruwa ta kwana za ka ga bambanci, ka kuma duba kaurin igiyar da injinka ke ɗauka, nawa injin milimita 2.4 yake ɗauka. In ciyawa ta naɗe kan, kashe shi ka zare hular fulogi kafin ka kai hannu. Damina in ta wuce ka juye man tanki ka tayar da shi har ya mutu da kansa, in ba haka ba baɗi kafireta za ka fara gyarawa.

Ɗan Hanwa:
Na gode ƙwarai iyayena, waya kam na fasa. Oga na ciro fulogin, baƙi ne kamar yadda ka ce, takardar kuma 25:1 ta rubuta. In wanke shi ko sabo zan saya?

Bakaniken Kwangila:
Goge shi da burushin ƙarfe ka gwada tukuna, ka wanke soson iskar ma da ruwan sabulu ka bari ya bushe sarai. In bai daina hayaƙin ba kawo shi ranar Asabar da safe in duba maka.