Na sa katin RAID a kwamfuta amma ya ƙi ganin diski ko ɗaya, a taimaka

Mai_Bidiyon_Biki:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masana kwamfuta ku kawo ɗauki, yau kwana uku ke nan ina fama har kaina ya ɗau zafi.

Ina da ɗan shago a wani gari kusa da Ringim, ɗaukar bidiyo da hoton biki nake yi, da suna da walimar sauka, ranar kasuwa kuma ina tura wa mutane karatu da wa'azi a memori. Bara da damina had diskina ya mutu da bikin mutum uku a ciki ban gama haɗawa ba, da safe na kunna sai ƙas ƙas kawai yake yi, wlh har yau in na hango yayan ɗaya daga cikin amaren sai na canza hanya, don kuɗin kam na mayar amma ai ba a maimaita kamu. Tun daga nan na ce ba za a kuma ba.

To wani yaro da yake karatu a Dutse ya ce min akwai yadda ake haɗa diski da yawa su zama kamar ɗaya, in ɗaya ya mutu kaya ba sa ɓacewa, wai RAID. Satin da ya wuce na shiga Kano, a Beirut Road na sayo kati na hannu, an rubuta LSI 9211-8i a jikinsa, da wata waya mai kai ɗaya a gefe guda, ɗaya gefen kuma ta rabu huɗu, da diski uku na hannu masu 2TB. Ina da nawa guda ɗaya shi ma 2TB wanda duk aikina yake ciki, sun zama huɗu ke nan.

Na cusa katin a dogon ramin nan na madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, na jona komai. In na kunna ina ganin sunan katin ya fito a baƙin allo kafin Windows ta tashi, diskin ma in na ɗora hannu ina jin suna juyawa, amma ko ɗaya bai fito ba, ba a My Computer ba ba a ko'ina ba. Katin kuma zafi yake yi sosai, na taɓa ƙarfen da ke kansa sai da na yarfe hannu.

Tambayata, katin ne ya lalace aka sayar min ko ni ne ban iya ba? Sannan in ya yi aiki wanne zan zaɓa, yaron ya ce akwai 0 akwai 1 akwai 5, ni dai so nake na samu 8TB ɗina cif tunda kuɗinsu na biya. Na gode.

Injiniyan_Hadejia:

Wa alaikumus salam. Malam kafin komai, je ka cire diskin nan mai aikinka daga jikin katin yanzu yanzu, ka ajiye shi gefe. Allah ne ya taimake ka da katin bai gan su ba, don da ya gani ka shiga ka danna haɗawa da duk abin da ke kan diskin ya tafi, haɗa RAID goge diski yake yi tas, da ka sake canza wata hanyar saboda wasu yayyen amaren.

Katin naka ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau tunda yana nuna sunansa. Ni wayar nake zargi. Wannan waya mai raba huɗu iri biyu ce kuma a ido ba ka isa ka bambance su ba, kai ɗaya ne, shi ake kira SFF-8087. Akwai wadda aka yi don ta taso daga kati ta je wa diski huɗu, ita ake cewa forward, ita kake buƙata. Akwai kuma reverse, wadda take tasowa daga ramukan SATA (inda ake jona diski) huɗu na madabod ta shiga akwatin saba (server, babbar kwamfutar kamfanoni). In ka sa reverse a kati abin da ka faɗa shi zai faru, diski na juyawa saboda wutarsu daga fawa fak, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, take zuwa, amma kati bai san da zamansu ba. Masu shago da yawa su ma ba su san bambancin ba, a buhu ɗaya kayan suke zuwa musu. Gwaji mai sauƙi, ɗauki diskin ɗaya bayan ɗaya ka jona kai tsaye a madabod da wayar SATA ta yau da kullum, in sun fito to ka gano ɓarawon.

In ka samu wayar kirki, lokacin da sunan katin ya fito ka danna Ctrl da C, zai kai ka cikin saitinsa. Duba sama ko an rubuta IR ko IT kusa da lambar manhajarsa. In IR ne zai haɗa maka RAID da kansa. In IT ne ba ya haɗa komai, miƙa wa Windows diskin kawai yake yi ɗaya ɗaya.

Maganar 8TB kuma, ka yi haƙuri ɗan uwa, ba a cin biyu. RAID 0 ne kaɗai zai ba ka 8TB, shi kuma yanka kowane fayil yake yi gunduwa gunduwa ya watsa a kan diski huɗun, ɗaya ya mutu duka sun mutu, ka ga ka ninka haɗarin da ka gudo masa sau huɗu. RAID 1 diski biyu ne, duk abin da aka rubuta a wannan sai an rubuta a wancan, 2TB biyu su ba ka 2TB. RAID 10 diski huɗu, bibbiyu suna kwafin juna, ka samu 4TB. RAID 5 da zai ba ka 6TB a diski huɗu, amma ka cire shi a lissafi don wannan katin ba ya yin sa, 0 da 1 da 1E da 10 kawai yake yi. Ko da yana yi ma ni ban ba mutumin ƙauye shawarar 5 a kan katin da ba shi da batir, ana tsakar rubutu a ɗauke wuta lissafin ya rikice maka.

In ka yi 10 ɗin, da Windows ta tambaye ka tsarin da za ta shirya diskin da shi, MBR ko GPT, ka zaɓi GPT, don MBR ba ya wuce 2TB. Kuma kar ka ga 3.63TB ka ce an cuce ka, haka Windows take ƙirga 4TB.

Dan_Kazaure:

Ni fa da za ka ji tawa da katin nan ka mayar ka karɓi kuɗinka ka sayi UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Injiniya ya yi bayani mai kyau ban musa ba, amma mu duba inda muke zaune. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Storage Spaces a cikinta, kyauta, ka jona diski biyu a madabod ka ce ta riƙa yin kwafi biyu, shi ke nan ka samu abin da RAID 1 zai ba ka ba kati ba waya mai kai huɗu. Amfaninsa ma, ran da kwamfutar ta ƙone sai ka zare diskin ka kai wata mai Windows 10 ta karanta maka. Shi kuwa kati ran da ya mutu sai ka shiga mota ka tafi neman irinsa ko ɗan gidansu, aikin mutane na zaune na jiranka.

Kuma katin nan na saba ne, an yi shi ne don ɗaki mai AC da fankoki masu ƙara kamar injin markaɗe suna hura shi dare da rana. Kai kuma shagon kwano a watan Afrilu, zafin Jigawa ya haura 40, ga ƙurar hunturu tana jira. Zafin da ka ji a hannunka ba lalacewa ba ce, haka suke in ba iska.

Ni abin da ya fi damuna ma wutar ce, ba ka faɗa mana da me kake aiki ba. In ƙaramin janareta ne kai tsaye, wanda in mai ya kusa ƙarewa yake shaƙewa yana tari kafin ya mutu, to wannan shi ke kashe diski a garuruwanmu, kuma in wuta ta yi sama ta bugi fawa fak ba ta tambayar waye na asali waye kwafi, duka huɗun za ta iya ɗauka lokaci guda.

Mai_Bidiyon_Biki:

Na gode ƙwarai manya. Na cire nawa na ajiye, gabana sai da ya faɗi da na karanta. Oga Dan Kazaure ramukan SATA uku ne kawai a madabod ɗin, ɗaya na diskin SSD mai Windows, ɗaya na abin buga faifai don har yanzu tsofaffi sai a faifai suke karɓar bikin 'ya'yansu, saura ɗaya tal, shi ya sa na sayi katin. Wuta kuma in an kawo na yi da ita, in babu janareta, UPS ɗina batirinsa ya mutu tun azumi.

Hajiya_Mai_Kafe:

Ƙanina tunda ramuka ba su ishe ka ba riƙe katinka, ba laifi. Amma ga abin da maza ba su gaya maka ba, diskin da ka sayo na hannu ka duba lafiyarsu tukuna kafin ka ɗora musu amanar mutane. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka jona su ɗaya bayan ɗaya a ramin nan da ya rage maka. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa ya fara ciwo, ja kuwa sai dai addu'a. Za ta nuna maka awa nawa diskin ya yi yana aiki, shekara ɗaya awa 8,760 ce sai ka raba ka ga tsufansa, don wasu sun yi shekara biyar suna juyawa a Turai ba a taɓa kashe su ba kafin a goge musu ƙura a kawo mana.

Katin kuma ka samu 'yar ƙaramar fanka mai 40mm ka ɗaure a kan ƙarfen da abin ɗaure waya, ni da haka nake aiki a kafe ɗina shekara da shekaru. Ka duba fawa fak ɗinka ma, kowane babban diski lokacin tashi yana jan wajen amfiya 2 a layin 12V, huɗu sun kusa wat 100 a tashi ɗaya, ƙananan fawa fak na kwamfutar ofis wani lokaci ba sa ɗauka, sai ka ga diski na ɓacewa yana dawowa ka yi ta zargin kati. Kuma ka guji 'yan wayoyin raba wuta masu arha, suna narkewa.

Sai abu na ƙarshe, RAID ba ya hana kuskuren hannu. Yaron shagonka ya goge fayil, ya gogu a duka biyun a daƙiƙa ɗaya. Bairos ya shigo ta memorin mutanen kasuwa, duka biyun zai ci. Ɓarawo ya fasa shago kuwa ai da akwatin gaba ɗaya zai tafi. Dole ka samu diski ɗaya da yake kwana a gida, ba a jone ba.

Injiniyan_Hadejia:

Hajiya ta gama magana. Batirin UPS ɗin nan kuma ka canza shi kafin ka fara haɗawa, yawancin ƙananan 12V 7Ah ne a ciki, ana samu. Dan Kazaure ni da kai ba mu saɓa ba sosai, in katin ya zama IT ne ma ai shawararka zai bi dole.

Mai_Bidiyon_Biki:

Salam, na dawo da labari. Wayar ce wlh! Na koma Kano ranar Asabar, mai shagon da farko ya ce duk ɗaya ne, sai da na nuna masa abin da Injiniya ya rubuta, ya zazzage kwali muka samu wata mai 'yar takarda a jiki an rubuta forward, ya canza min ba gardama, har ya ce shi ma ya ƙaru. Ina dawowa na jona, na danna Ctrl C sai ga su sun jeru, kuma IR ne.

Hajiya Allah ya saka da alheri, cikin ukun da na sayo ɗaya ruwan ɗorawa ya nuna, awa dubu arba'in da ɗaya da wani abu, na lissafa ya kusa shekara biyar. Wannan na ware shi, karatu da wa'azin da nake tura wa mutane zan zuba a kai tunda ko ya mutu zan sake samu. Biyun masu lafiya na haɗa su RAID 1, Windows ta nuna 1.81TB. Ni da na fito neman 8TB ga inda na ƙare, matata tana ta yi min dariya wai na sayi buhu huɗu na dawo da ɗaya. Nawa na asali in na gama kwafe aikin shi zai koma gida, duk Juma'a na kawo shi na zuba sababbi na mayar.

Fanka na ciro daga wata matacciyar kwamfuta na ɗaure da zaren roba, yanzu ina iya ɗora yatsa a ƙarfen. Batirin UPS ma na saya.

Saura abu ɗaya, a cikin saitin katin yana nuna wai yana daidaita diskin biyu, tun azahar yanzu ga shi an yi isha'i yana kashi 37 cikin ɗari, man janareta kuma bai fi na awa ɗaya ba. In na kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace gobe zai ci gaba daga inda ya tsaya, ko na aika yaro ya ƙaro lita biyu?