Babban kuloc yana cin karanshaf? Waɗanda suka sa su ba mu labari

Mai Turbo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ƙara wa injina ƙarfi, yanzu kulocin da motar ta zo da shi ya fara sulɓi a giya ta huɗu idan na danna totur sosai. Ina shirin sa babban kuloc irin na tsere, mai filet mai tauri, sai wani ya ja kunnena wai irin wannan yana cinye karanshaf, sandar ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji. Don Allah duk wanda ya taɓa sawa, ko ya taɓa kwance injin da aka sa wa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Yaro, wanda ya ja kunnenka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a warware ta. Ƙarfin da filet yake matse disk da shi bai dami karanshaf ba, domin filet ɗin a ɗaure yake a jikin filawul (faifan ƙarfen da ke ƙarshen karanshaf), matsar tana ƙarewa a tsakaninsu. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ka taka feda. Boris ɗin rilis yana danna yatsun filet, filet ya tura filawul, filawul kuma ya tura karanshaf gaba, ta tsawonsa. Abin da ke tare wannan turin wasu siraran metal ne masu siffar jinjirin wata, muna ce musu toras washa, suna zaune a gefen ɗaya daga cikin manyan metal ɗin da karanshaf yake juyawa a kansu. Idan sifirin filet ya ƙara tauri, duk takun da ka yi, nauyin da ke sauka a kansu ya ƙaru.

Kuma su waɗannan metal ba su samun baƙin mai kamar sauran. Manyan metal famfo ne yake tura musu mai kai tsaye, karanshaf yana juyawa a kan mai. Su kuwa ɗan abin da ya tsiyayo daga gefe ne yake bi ta ramukan da aka zana a fuskarsu. Na sha buɗe injin in tarar da manyan metal sumul, amma toras washa na baya ya suɗe har jan ƙarfen ciki ya fito.

Direban Dare:
Baba ya yi gaskiya, ni abin ya faru da ni. Bayan na sa filet mai tauri, motar ta yi watanni lafiya lau. Alamar farko da na lura da ita, idan mota tana silo na taka kuloc, sai allurar injin ta faɗi kamar za ta mutu, in na saki ta dawo. Daga baya giya ta ɗaya da ribas suka fara gardamar shiga. Wani lokaci kuma a kwana fedar takan yi laushi ta ƙi dawowa sama da wuri. Da muka juye baƙin mai a faranti muka kai rana, sai ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Bakanike ya ce in shiga in riƙa taka kuloc shi yana kallon fulin gaba, sai ya kira ni muka yi musaya. Wallahi da ido kana ganin fulin yana leƙowa yana komawa. Da aka sauke injin, washa ɗaya ya riga ya faɗa cikin tukunyar mai ta ƙasa, karanshaf ya goge jikin bulok har ya yi masa rami. Karanshaf ya tafi, bulok ma da ƙyar aka ceto shi.

Mai Ja:
Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Ni kuwa nawa labarin daban ne. Shekaru ke nan ina tuƙa babban kuloc, mai taurin da ƙafar hagu take gaya maka a gosulo, kuma duk sanda aka auna wasan karanshaf, wato motsinsa gaba da baya, yana nan inda yake. Abu biyu na riƙe. Ba na tsayawa a danja ƙafata a kan kuloc, firi nake sawa in ɗage ƙafa. Sannan da safe a firi nake tayar da mota ba tare da na taka feda ba. Ka yi tunani, mota ta kwana, mai duk ya gangara ƙasa, famfo bai kai ga tura komai ba, kai kuma ka danne karanshaf a kan busasshen metal kana murza kik. A wurina nan ne ake yin ɓarnar.

Direban Dare:
Oga, ai tawa ba ta tashi sai an taka kuloc. Haka aka ƙera ta.

Mai Ja:
Tawa ma haka ta zo. Wani ɗan makunni ne a bayan feda, na sa aka haɗa wayoyinsa.

Tsohon Bakanike:
A nan sai na ɗan ja ka. An sa makunnin nan ne domin kada mota ta zabura idan an bar ta a giya aka murza maƙulli, kuma yaro na iya kasancewa a tsaye a gabanta. Wanda zai cire shi ya tabbata shi kaɗai yake tuƙa motar, kuma duba giya ya zame masa jiki. Na fi son a sa maɓalli daban wanda sai ka riƙe shi da hannu kafin kik ya ɗauka.

Mai Awo:
Bari in ƙara wani abu, don kada a ɗora wa kuloc laifin da ba nasa ba. Sunan wannan matsala ya fi fitowa ne a kan injin Mitsubishi 4G63 mai ƙusoshi 7 a filawul, wanda aka sa wa Eclipse na 1995 zuwa 1999 da Eagle Talon na 1995 zuwa 1998 a Amurka. Masu waɗannan motoci sun yi ta kuka, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da masu kulocin kamfani da ba su canza komai ba. Na baya da shi mai ƙusoshi 6 bai yi wannan suna ba, alhali shi ma ana ɗora masa manyan kuloc. Wato ƙirar injin da yadda aka haɗa shi suna da nasu kason. Littafin injin ya ba da wasan karanshaf milimita 0.05 zuwa 0.18, iyakarsa 0.25. Kowane inji da nasa adadin, sai ka duba naka.

Ni a aikina, na fi kama laifi a wurin haɗi. Na taɓa buɗe injin da aka sa wa washa a juye, fuskar mai ramukan mai tana kallon bulok maimakon karanshaf, ko kaɗan bai daɗe ba. Na kuma ga wanda aka kai karanshaf wurin wanki aka bar fuskar da washa yake gogawa da kaushi. Irin wannan ko da kulocin kamfani ne zai ci, babban kuloc hanzarta shi kawai yake yi.

Mai Koriya:
Tawa matsalar saiti ce. Wanda ya ɗaura mini kuloc ya ƙara tsawon sandar masta, wadda feda take dannawa ta tura man kuloc, don giya ta riƙa shiga da sauƙi, bai bar wa feda ɗan wasan nan na sama ba. Ashe ya toshe ramin da man kuloc yake komawa kofinsa. Mota na yin zafi sai fedar ta ƙara tauri, kamun ya hau can sama, boris yana danne da filet ko ƙafata ba ta wurin. Allah ya sa na ji warin ƙonewa da wuri. Aka sassauta sandar, aka auna karanshaf, ya ɗan ƙaru amma bai wuce iyaka ba. Duk wanda ya sa sabon kuloc ya danna feda da yatsa, ya tabbata akwai ɗan sako-sako kafin ta fara tauri.

Mai Turbo:
Na gode ƙwarai. To Baba, akwai hanyar da zan samu riƙo ba tare da wannan taurin ba?

Tsohon Bakanike:
Akwai. Riƙon kuloc ba daga matsa kaɗai yake zuwa ba, har da irin fatar disk, da faɗinsa, da yawan fuskokin da ke gogayya. Mai disk biyu fuska huɗu gare shi maimakon biyu, don haka yana riƙe ƙarfi mai yawa da sifirin da bai kai wancan tauri ba. Na sa wa mutane shi sun ji daɗin ƙafarsu, sai dai wasu suna ƙarar kacau-kacau idan an taka. Ka zaɓi wanda ya ɗan haura ƙarfin injinka, kada ka bi mafi girma a jeri.

Kafin ka ɗaura, tun giyabos yana ƙasa, a kafa agogon awo a fuskar filawul, a sa liba a tura karanshaf baya a mayar da allura sifili, a turo shi gaba a karanta. Rubuta adadin ka ajiye, ka sake aunawa ta wajen fuli bayan an canza mai sau ɗaya ko biyu. Ka kuma tambaya wane iri ne kulocinka. Wasu motoci, irin su Subaru WRX STI da Lancer Evolution, nasu na ja ne, boris yana janyo yatsun filet baya, don haka a cikinsu washa na ɗaya ɓangaren ne yake shan nauyin, kuma shi za a fara dubawa.