Aikatau "nụ" da "hụ" a Ibo: ma'ana nawa suke ɗauka?

Ɗalibar Harsuna: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka. A ƙamus nụ na nufin ji da kunne, amma ana samunsa a maganar wari da ta ɗanɗano. Shin daidai yake da "ji" na Hausa a ko'ina? Kuma me ya haɗa hụ, wato gani, da soyayya?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam, Malama. Sun yi tarayya sosai, amma ba a ko'ina ba. Sunan da ya biyo bayan aikatau shi ke yanke ma'ana. Nụ olu jin murya ne, nụ ísì jin wari ko ƙamshi, nụ ụtọ jin ɗanɗano. "Ị na-anụ Igbo?" daidai yake da "Kana jin Ibo?", wato fahimta. "Ọ naghị anụ ihe" kuwa ba kurma kaɗai ake nufi ba, har da yaron da ba ya jin magana.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe shi ne yunwa, sanyi da tsoro. A nan nụ ba ya shiga, abin da ake ji ɗin ne ke zama mai aikatawa: "Agụụ na-agụ m" (ina jin yunwa), "Oyi na-atụ m" (ina jin sanyi), "Ụjọ na-atụ m" (ina jin tsoro). Sannan nụ na abin da ya zo wa mutum ne ba da niyya ba. Idan da niyya ne, aikatau daban ake ɗauka: ge ntị saurare, detụ ire ɗanɗana, metụ aka taɓa.

Mai Fassara: Gaskiya ne, Malam. A kan hụ, a lura da wurin da kowace kalma ke zama. "Ahụrụ m gị" na gan ka ne kawai. Sai an ƙara n'anya, wato "a ido", bayan wanda ake so: "Ahụrụ m gị n'anya", ina son ka. Siffar ta lokacin da ya shuɗe ce, da ɗafin -rụ, amma ma'anar ta yanzu ce, saboda haka kuskure ne a fassara da "na so ka". Daga nan aka samo ịhụnanya, ƙauna. Hụ ụzọ a zahiri ganin hanya ne, amma "Ọ naghị ahụ ụzọ" yana nufin ba ya gani. Ịhụ nsọ kuma jinin al'ada.

Le anya, duba, ya ma fi yaɗo: lezie anya yi hattara, leda anya raina, lekọta kula da wani, olileanya fata.

Malamin Nahawu: Ƙari ɗaya, Malama: ba duk kamanni ne yawan ma'ana ba. Ṅụ mai ɗigo a saman n sha ne, kalma ce daban, kuma masu rubutu a waya sukan yar da ɗigon. A karin harshen garin Onica (Onitsha), l yakan koma n, sai lụ na aure ya zama nụ, hụ kuma ya zama fụ, shi ya sa ake jin sunan Ifunanya. Isi ma sai da karin sauti: ísì wari, ísí kai, ìsì makanta. Duk wanda zai tattara misalai ya rubuta garin mai magana da alamar karin sauti kusa da kowace jimla, in ba haka ba zai lissafa auren Onica cikin ma'anonin ji.